Kafso da Deksa: Jin Sauƙi Ba Shi Ne Warkewa Ba

'Yan'uwa, akwai wata ƙaramar leda da kusan kowane gida ya sani. Mutum ya wuni a gona, jiki ya yi tsami, ga ɗan zazzaɓi, sai ya biya ta kemis ya ce a haɗa masa magani daidai kuɗin da ke aljihunsa. A ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar, babu kwali, babu suna, babu ranar lalacewa. A cikin irin wannan haɗi sau da yawa akan sami kafso ɗaya ko biyu na maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wata 'yar ƙaramar ƙwaya da ake kira deksa. Ya sha da dare, da safe ya tashi garau, ya ɗauki fartanya ya koma gona.

Mun san dalilin da ya sa ake yin haka. Mu ɗauki Tsanyawa, a kan hanyar Kano zuwa Katsina bayan an wuce Bichi. Ƙaramar hukuma ce da mutanenta suka haura 150,000 tun a ƙidayar 2006, mafi yawansu manoman gero, dawa, wake da gyaɗa. Wanda ke zaune a ƙauyen 'Yankamaye ko Kabagiwa, idan ciwo ya same shi a tsakiyar damina, lissafi yake yi: kuɗin babur, kuɗin kati, kuɗin gwaji, ga wuni guda da ciyawa za ta ci gona. Kemis kuwa yana kusa, mai shi sananne ne, har bashi yana bayarwa. Babu mai zargin talaka a kan wannan lissafi.

Amma waɗannan magunguna biyu suna da wani hali da ya kamata kowane iyali ya sani. Dukansu suna sa mutum ya ji sauƙi kafin ciwo ya tafi. Saboda haka mukan daina na farko da wuri, mu kuma ci gaba da na biyu fiye da kima. Abin da muke so mu koya a nan shi ne, yadda jiki ke ji bai isa ya gaya mana ranar da za mu fara su ko ranar da za mu daina ba. Wannan aikin wanda ya duba mara lafiya ne.

Magunguna biyu, aiki biyu

Na farko shi ne antibayotik, wanda mutane ke kira kafso ko da ƙwaya ce ko ruwa ko allura. Aikinsa kashe wasu ƙananan halittu da ake kira bakteriya, ko hana su hayayyafa. A wannan gida ne muke samun amoksisilin, Ampiclox, Septrin, Flagyl, sifurofuloksasin, da tetarasaikilin wanda aka fi sani da ja da yalo. Wani likita ɗan Sikotlan, Alexander Fleming, shi ne ya gano fenisilin a Landan a shekarar 1928. Kafin wannan maganin ya yaɗu, ciwon huhu ko miki da ya ruɓe ko zazzaɓin bayan haihuwa suna kashe mutane masu ƙarfi cikin 'yan kwanaki.

Na biyu shi ne sitiroyid. Shi ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. A kan kowace ƙoda tamu akwai wata 'yar ƙaramar gaɓa da ke fitar da wani sinadari mai suna kotizol, wanda ke riƙe hawan jini da sukarin jini daidai, yana kuma kwantar da kumburi. Sitiroyid kwaikwayon wannan sinadari ne da aka ƙara wa ƙarfi. A shekarar 1948 aka fara ba mai ciwon gaɓoɓi shi a asibitin Mayo da ke Amurka, kuma masanan da suka jagoranci aikin sun sami lambar Nobel a 1950. Deksa ta fi kotizol na jikinmu ƙarfi kusan sau 25. Idan muna duba kwali, sunayen da za mu nema su ne dexamethasone, prednisolone, hydrocortisone, betamethasone da clobetasol.

Kowannensu yana ceton rai idan ya faɗa hannun da ya dace. Muna so mu faɗi wannan tun farko, domin kada wani ya karanta ya ƙi shan abin da likita ya rubuta masa.

Yadda ƙwayar cuta ke koyon jure magani

Ba kowane ciwo bakteriya ke kawowa ba. Mura, yawancin tari da ciwon maƙogwaro, ƙyanda da farankama, duk wata ƙwaya ce dabam mai suna bairos ke kawo su, kuma antibayotik ba ya taɓa ta. Zazzaɓin cizon sauro shi ma wata halitta ce dabam, yana da nasa maganin, kuma gwajin digon jini a yatsa yana nuna shi cikin kamar minti 20. Yawancin gudawar yara takan tsaya da kanta. Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki, maganinsa kuwa ruwan gishiri da sukari na asibiti tare da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Sai idan akwai jini a bayan gida, ko ana zargin kwalara, ko wani dalili da ma'aikacin lafiya ya gani, sannan antibayotik ke shigowa. Haka nan taifot: gwajin Widal da aka saba yi yakan nuna akwai ciwo ga wanda ba shi da shi, don haka takardar gwajin ita kaɗai ba ta isa a ɗora mutum a kan allurai ba.

To, idan mutum ya sha kafso a kan mura, me ya rage? Kowane manomin wake ya san amsar. Idan aka tsinka maganin feshi da ruwa fiye da kima domin ya isa gona, raunanan ƙwari su mutu, masu ƙarfi su tsira su hayayyafa. Bayan 'yan shekaru sai a ji manoma suna cewa maganin nan ya daina ci. Haka yake a cikin jiki. A hanjinmu da fatarmu akwai bakteriya masu ɗimbin yawa, wasu ma masu amfani ne. Duk lokacin da muka sha antibayotik, ko da dalili ko babu, masu rauni suna mutuwa, masu jurewa suna samun fili. Mu lura da kyau: ƙwayar cutar ce ke jure magani, ba jikin mutum ne ke sabawa da shi ba. Ita kuwa ƙwayar cuta tana tafiya, daga hannu zuwa kwano, daga masai zuwa rijiya. Jaririn da bai taɓa shan magani ba yana iya kamuwa da ƙwayar da manyan gida suka horar.

Fleming da kansa ya yi gargaɗi a kan haka a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945, inda ya nuna cewa shan abin da bai kai ƙa'ida ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jurewa. Yau muna ganin abin da ya hango. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriya masu jure magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani gwargwadon yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. Ƙiyasin da aka yi wa Nijeriya a wannan shekara ya kai mutum 64,500. A gida kuwa ga yadda abin ke bayyana: ciwon fitsari da kafso mai araha ke warkarwa a da, yanzu sai an kwantar da mutum ana yi masa allura mai tsada a Kano, a sayar da akuya, wani lokaci a jinginar da gona.

Dabbobinmu ma suna cikin lissafin. Zuba ja da yalo a ruwan kaji kullum domin kada su yi ciwo, ko yi wa saniya allura yau a tatsi nononta a kai kasuwa gobe, duk hanya ce ta horar da ƙwayoyin cuta. A jikin kwalbar maganin dabbobi akwai kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko ƙwai ko nono. Mu tambayi malamin dabbobi, mu kuma kiyaye.

Darasin mashaƙo a Kano

A farkon Disambar 2022 aka sanar da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa cewa ana zargin ɓullar mashaƙo a Kano da Legas. Annobar ta bazu cikin 2023, Jihar Kano ce ta fi kowace yawan waɗanda suka kamu, kuma mafi yawansu yara ne da ba su kammala rigakafi ba.

Mashaƙo yana farawa kamar ciwon maƙogwaro na yau da kullum: ɗan zazzaɓi, wahalar haɗiya. Daga baya wata yana mai ruwan toka ta rufe maƙogwaro, wuya ya kumbura. Bakteriya ce ke kawo shi, amma abin da ke kisa shi ne dafin da take fitarwa, wanda ke bin jini ya lalata zuciya da jijiyoyi. Maganinsa biyu ne tare: allurar karya dafi, wadda asibiti kaɗai ake samu, da antibayotik na musamman na cikakkun kwanaki. Allurar tana kama dafin da ke yawo a jini ne kawai. Wanda ya riga ya shiga tsokar zuciya ya wuce ta. Kowace rana da aka jinkirta tana rage amfaninta.

Yanzu mu yi tunanin yaron da aka saya wa haɗi a rana ta farko. Kafso biyu ba za su kashe ƙwayar ba. Deksa za ta sauke zazzaɓi, ta rage zafin maƙogwaro, yaro ya nemi kunu, iyaye su yi hamdala. Dafi kuwa yana ta aikinsa. Ranar da aka gane, an yi asarar kwanakin da suka fi kowanne daraja. A nan sauƙin da aka gani shi ne ya hana a tafi asibiti. Yaron da ke da ciwon maƙogwaro tare da kumburin wuya, ko numfashi mai ƙara, ko farar yana a maƙogwaro, a kai shi asibiti a ranar. Rigakafin kuwa kyauta ne, yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a mako na 6, na 10 da na 14.

Idan an rubuta mana antibayotik

Na ɗaya, lokaci. Sau uku a rana yana nufin kowace awa 8, sau biyu yana nufin kowace awa 12. Dalili shi ne maganin yana raguwa a jini, kuma idan ya yi ƙasa sosai ƙwayar cuta takan farfaɗo. Idan an manta, a sha da zarar an tuna, amma kada a haɗa biyu lokaci ɗaya.

Na biyu, kwanaki. Wani ciwon kwana 3 ya isa, wani 5, wani 7 ko fiye. Likita ne ke yankewa. Zazzaɓi yakan sauka a rana ta biyu ko ta uku, kuma a nan ne da yawa cikinmu ke ajiye sauran domin wata rana. Misali mafi nauyi shi ne tarin fuka: maganinsa yawanci wata 6 ne, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma tari yakan lafa tun a watannin farko. Wanda ya tsaya a nan, ciwon yana iya dawowa da ƙwayar da ba ta jin magungunan farko, ya kuma shafa wa iyalinsa ita.

Na uku, kada a raba. Maganin da aka auna wa uba bai dace da ɗa ba, domin na yara da nauyin jiki ake auna shi. Na maƙwabciya da ya yi mata aiki, wataƙila ciwonta dabam ne.

Na huɗu, abin da ake haɗa shi da shi. Tetarasaikilin da sifurofuloksasin ba sa shiga jini sosai idan aka sha su da fura da nono, madara, maganin ƙarin jini ko maganin gyambon ciki mai kama da alli. A bar aƙalla awa 2 tsakani. Mai shan Flagyl ya nisanci giya da burkutu har kwana 2 bayan ya gama. Ba a ba mai ciki ko yaro ɗan ƙasa da shekara 8 tetarasaikilin, domin yana ɓata haƙora har abada. Allurar jentamaisin idan aka yi ta barkatai tana iya lalata ƙoda, ta kuma kurumtar da mutum.

Na biyar, maganin yara na gari. A zuba tafasasshen ruwan da ya huce daidai layin da ke jikin kwalba, a girgiza kafin kowane sha, a auna da murfin awo ko sirinji, a ajiye a wuri mai sanyi. Bayan an haɗa shi da ruwa kwanakinsa ƙidayayyu ne, yawanci 7, wani 14. Abin da ya rage a zubar.

Akwai lokacin da ake dainawa nan take. Idan bayan shan magani jiki ya yi borin jini, leɓe ko fuska suka kumbura, numfashi ya yi wuya, ko fata da baki suka fara saɓulewa kamar ƙuna, a tsaya a ruga asibiti. A rubuta sunan maganin, a riƙa faɗa wa kowane ma'aikacin lafiya har ƙarshen rayuwa. Haka kuma idan an kwana 2 ko 3 ana sha babu canji, a koma wurin wanda ya rubuta. Kada a ƙara wani a kai da ka.

Maganin da ke rufe bakin ciwo

Zafi, kumburi da zazzaɓi su ne hanyar da jiki ke yin ƙara cewa akwai matsala, kuma alama ce ta cewa garkuwar jiki tana faɗa. Sitiroyid yana sa wannan ƙara ta yi shiru. Akwai lokacin da faɗan da jiki ke yi ya fi cutar kanta ɓarna, a nan likita ke amfani da shi: asma da ta tashi da ƙarfi, wani ciwon ƙoda na yara mai kumbura jiki, sanƙarau tare da antibayotik, kumburin jijiya ga mai kuturta, ko mai cikin da haihuwa ta zo mata kafin lokaci domin huhun jariri ya yi ƙwari.

Annobar korona ta nuna mana iyakarsa sarai. A watan Yunin 2020 wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya ya nuna cewa deksa ta rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kusan ɗaya cikin biyar ga waɗanda ake ba iskar oksijin. Ga waɗanda ciwonsu bai kai haka ba, ba ta amfana musu komai ba. Magani ɗaya, ciwo ɗaya, amma amfaninsa ya dogara ga halin da mara lafiya ke ciki. Wannan ba abin da za a gane a bakin kanta ba ne.

A wurinmu an fi shan sa saboda abu biyu. Na farko gajiya da ciwon gaɓoɓi, musamman ga manoma da tsofaffi. Na biyu neman ƙiba, abin da ake kira sha ka fashe, wanda sau da yawa deksa ce haɗe da maganin buɗe ciki. 'Yan mata na sha gab da aure, wani lokaci uwa ko gwaggo ce ma ke sayowa domin kada a ce amarya ta rame. Abin da ke faruwa shi ne jiki yana riƙe gishiri da ruwa, kitse yana taruwa a fuska, a ƙeya da ciki, tsokar hannu da cinya kuwa tana narkewa. Fuska ta yi zagaye, ƙafafu su sirance, jan nankarwa mai faɗi ta fito a ciki da cinya. Hausawa sun riga sun ba wannan suna: garin neman ƙiba an samo rama.

Abin da ba a gani ya fi wannan. Shan sa na makonni da watanni yana kawo hawan jini da ciwon sukari, yana rarake ƙashi har ya karye da ƙaramar faɗuwa, yana iya kashe kan ƙashin ƙugu, haɗarin da masu sikila suke da shi tun da ma. Yana kawo yanar ido da hawan jinin ido, yana hana barci, yana rikita al'adar mata, yana tsayar da girman yaro. Idan aka haɗa shi da magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen, kamar yadda ake yi a cikin haɗi, haɗarin gyambon ciki mai zubar da jini yana ƙaruwa. Kuma tun da yana kwantar da garkuwar jiki, tarin fuka ko ciwon hanta da ke kwance suna iya tashi, miki ya ƙi warkewa. A kula kuma da garin magani ko ruwan jarka da ake cewa na gargajiya ne, wanda ke ɗauke ciwon gwiwa cikin dare ɗaya. An sha gano sitiroyid a ɓoye cikin irin waɗannan a ƙasashe da dama. Idan fuskar mai sha ta fara cika, a kai shi a duba.

Me ya sa ba a daina shi rana ɗaya

Ga inda ya bambanta da sauran magunguna. Idan mutum ya daɗe yana shan sitiroyid, gaɓoɓin nan na kan ƙoda sukan ga akwai wadata a jini, sai su daina aiki. Bayan kamar mako 3 ana sha kullum, idan aka tsaya kwatsam, jiki ba shi da na waje, ba shi da nasa. Sai kasala mai tsanani, amai, jiri, jini ya faɗi, mutum ya suma, har yana iya mutuwa. Wannan ne ya sa mai shan deksa ke cewa in bai sha ba ba ya iya tashi, ya ɗauka tsohon ciwonsa ne ya dawo.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, idan kin daɗe kina shan sha ka fashe, ko ka daɗe kana shan haɗi kullum, kada wannan rubutu ya sa a zubar da shi yau. A ɗauki maganin a tafi da shi asibiti, a faɗi gaskiyar tsawon lokacin da aka yi ana sha. Likita zai riƙa rage shi kaɗan kaɗan har jiki ya farka, ya kuma auna jini da sukari. Babu abin kunya a ciki. Wanda kuma likita ya ɗora a kai, yawanci da safe ake sha bayan an ci abinci, kuma ya faɗa wa duk wanda zai yi masa aiki ko ya karɓi haihuwarta. Abin shaƙa na masu asma yana ɗauke da ɗan kaɗan ne da ke tafiya huhu kai tsaye. A ci gaba da shi yadda aka ce, a kurkure baki bayan an shaƙa.

Ido da fata

Ba ta baki kaɗai sitiroyid ke shiga gidajenmu ba. Magungunan ɗigawa a ido da yawa haɗin antibayotik da sitiroyid ne, kuma suna ɗauke jan ido da sauri. Lokacin girbi, karan dawa ko ƙaiƙayin gero yakan karci baƙin ido, ya shigar da ƙwayar cuta irin ta fumfuna. Idan aka ɗiga sitiroyid a kan wannan, zafi zai ragu, gyambon kuwa ya ci gaba da ci har ido ya huje. Ɗiga shi na watanni saboda ƙaiƙayin ido, musamman ga yara, yana ɗaga hawan jinin ido a hankali ba tare da zafi ba, ganin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya dawowa. Idon da ya ji rauni, ko yake da farin tabo, ko ganinsa ya ragu, ko ba ya son haske, na likitan ido ne. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA da ke aiki tun 1943, akwai kuma sashen ido a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

A fata kuwa, akwai mayukan bututu da ake cewa suna maganin komai. Yawancinsu abu uku ne a haɗe, ɗaya sitiroyid ne mai ƙarfi. Idan aka shafa a kan makero ko ƙazuwa, ƙaiƙayi ya kwanta, cutar ta bazu a ɓoye. Wasu na zuba su cikin man shafawa domin hasken fata, har da na jarirai. Fatar jariri siririya ce, maganin yana ratsa ta ya shiga jini, musamman a ƙarƙashin kunzugu. Ga manya, fata takan yi laushi kamar takarda, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su fito, ɗinki ya ƙi kamawa bayan tiyata. A farkon 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Iyaye mata da shugabannin zumuntar mata suna da babbar murya a nan, domin maganar da ake yi wa yarinya a kan launinta da jikinta ita ce ke tura ta kanti.

Inda muke saye

Lasisin mai kemis na ƙauye na sayar da ƙananan magunguna ne da aka lissafa masa. Deksa da yawancin antibayotik na buƙatar takardar likita, a kuma saye su a kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magani. A watan Fabrairun 2024 NAFDAC da hukumar PCN mai kula da sana'ar magunguna sun rufe shagunan sarin magani a yankin Sabon Gari a Kano, domin a koma cibiyar da aka gina a Dangwauro kan hanyar Zariya, inda za a iya sa ido a kan abin da ke shiga da fita. Wannan ya shafe mu, domin daga Kano yawancin maganin da ke kantunan karkara ke fitowa.

Namu aikin shi ne mu karɓi magani cikin kwalinsa ko katinsa, mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Idan akwai wurin kankarewa, a kankare a tura lambar ta waya a ga amsa. Mu guji wanda ake tallarsa a faranti cikin rana ranar kasuwa, domin zafi yana kashe ƙarfin magani, raunannen antibayotik kuwa shi ne tsinkakken feshin da muka ambata. Idan kuɗi bai kai na cikakkun kwanaki ba, a faɗa wa likita tun a ɗakinsa. Sau da yawa akwai wani mai araha da zai yi aikin.

Kafin mu bar wurin likita

Matambayi ba ya ɓata. Ga tambayoyi biyar da kowa zai iya yi, ko ya yi karatu ko bai yi ba. Mene ne sunan maganin nan, kuma wane ciwo yake yi wa aiki? Sau nawa a rana, na kwana nawa? Da me ba a haɗa shi? Wace alama zan gani in dawo da sauri? In na gama, tsayawa zan yi ko ragewa a hankali? Mu kuma faɗi namu: ko akwai ciki, ko ana shayarwa, ko akwai sukari, hawan jini, gyambon ciki ko sikila, da duk wani magani da ake sha, har na gargajiya.

A gida, yaron da ke makaranta zai iya rubuta wa kaka lokutan shan magani a bango, ya riƙa sa alama. Mai zuwa gaida mara lafiya zai iya tambaya cikin ladabi ko an gama kwanakin da aka ce. Idan hali ya yi, gudummawar kuɗin babur zuwa asibiti ta fi leda cike da haɗi. Kuma kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba duniya na keɓe mako domin wayar da kai a kan ƙwayoyin cuta masu jure magani. Lokacin ya zo daidai da ƙarshen kaka da shigowar sanyi, sa'ad da mura da tari ke yawa, kantuna kuma ke cika da masu neman kafso. Lokaci ne mai kyau da za mu gayyaci ma'aikacin lafiya na yankinmu ya zauna da mu, kowa ya kawo magungunan da ke ajiye a ɗakinsa a duba su tare.